Ƙoƙon Inna Turai

Inna Turai ta bar aiki ranar Alhamis, 30 ga watan Yunin bana, 1988, bayan shekara goma sha ɗaya tana gasa biskit ɗin da ake shan shayin la'asar da shi a wani gidan saukar baƙi da ke Anka. Ba a yi mata taro ba, ita ma ba ta nema ba. Ta wanke farantan gashi, ta kife su a rana, ta miƙa makullin kicin ga Iyatu wadda ta gaje ta, ta ɗauki ƙoƙon awonta ta tafi gida.

Aiki ɗaya ne ba ta ƙarasa ba, kuma ba ya cikin abin da aka ɗauke ta ta yi. A farkon bara an raba wa azuzuwan yaƙi da jahilci na mata guda goma sha huɗu, a ƙasashen Anka da Gummi da Bukkuyum, wata takarda mai bayanin yadda ake biskit ɗin nan, da sunanta a sama. Takardar ta fita da kuskure. Matan da suka bi ta suka yi asarar fulawarsu, sunan Turai ya zama abin ba'a a garuruwan da ba ta taɓa takawa ba. Tun daga lokacin ta bi azuzuwa goma sha uku, ɗaya bayan ɗaya, ta gyara da hannunta. Saura na Gwashi.

A takardar ɗaukar aiki, Turai mai shara da wanke-wanke ce, kuma shekarunta sittin. Ita kanta ba ta tabbatar da sittin ɗin ba. Sharar kuwa ta yi ta. Bayan sallar asuba takan share ɗakunan baƙi huɗu da baranda, ta cika randuna biyu, ta jiƙa yashin da ke ƙarƙashinsu. Da hantsi Husaina, Bafulatanar da ke kawo mata man shanu daga wata ruga a yammacin gari, takan iso da ƙwarya, curin mai na yawo a kan nono. Ma'aikatan gidan sun ce ba a taɓa yin safiyar da su biyun ba su yi musu ba.

"Husaina, wanga mai naki, daga saniya yah hito ko daga rijiya?"

"Ke dai Kaɗo, wanke ki gani. Shekara goma kina wankin nebbam, man shanun nan nawa, har yau ba ki samu dauɗar da kike biɗa ba."

"Ran da na samu kin shiga uku."

"Ran nan ni da ke mun tsuhwa."

Wankin ba raini ba ne. Man shanun ruga yana zuwa da tsamin nono a jikinsa, in ya shiga wuta a haka biskit ya fito da ƙarni. Turai takan zuba masa ruwan randa mai sanyi, ta danna da bayan ludayi, ta zubar, ta sake, har sau biyar, sai ruwan ya fita garau. Daga nan ta daka sukari a turmi ya yi laushi kamar kwalli, ta tankaɗe. Awonta ɗaya ne tun ranar farko: sukari ƙoƙo ɗaya, mai ƙoƙo biyu, fulawa ƙoƙo huɗu, da gishiri abin da yatsa biyu suka ɗauka. Babu ruwa, babu ƙwai, babu yis. Kafin ta taɓa haɗin takan tsoma hannuwanta cikin ruwan sanyi ta goge, domin zafin tafin hannu kaɗai ya isa ya narkar da man, in kuwa ya narke kafin wuta, biskit ya yi tauri. Da kan yatsu take murzawa har garin ya kama kansa. Ta danna shi a faranti, ta yanka tsawon ɗan yatsa, ta hudahhuda da cokali mai yatsu, ta ajiye farantin a kan jiƙaƙƙen yashin nan ya huta.

Murhun gidan tsohon murhun ƙarfe ne mai cin itace, ba shi da ma'aunin zafi. Turai takan watsa ɗan gari a ciki ta ƙirga ashirin. In ya yi ja kafin ta kai, ta janye itace. Biskit ɗin da take so ba ja ba ne, launin rairayi ne, wanda in an sa a baki yake ruguzawa kafin haƙori ya gama aikinsa.

Ba ita ta kawo wannan girki Anka ba. Mijinta, marigayi Mainasara, shi ne kukun gidan, kuma ya koya ne tun yana saurayi a hannun matar wani Bature mai haƙar rijiyoyi. Turai ta yi shekaru tana wanke masa farantai tana kallo. Da ya rasu a 1977, aka ɗauko wani kuku mai iya shinkafa da miya, amma da aka ce masa shayin ƙarfe huɗu, ya ce shi bai san wannan ba. Kwana uku baƙi suna shan shayi da busasshen burodi. A rana ta huɗu aka ga faranti a kan tebur, ba wanda ya ba da umarni, kuma tun daga ranar ba a sake tambayar aikin wane ne ba.

Abin da ke nata ita kaɗai shi ne baƙin da ake tsoma rabin biskit ɗin a ciki. Mainasara cakulan na kanti yake narkarwa, irin wanda ake sayowa daga Gusau a ajiye a firijin kananzir. Firijin ya mutu bayansa da shekara biyu, sannan cakulan ɗin ma ya ɓace daga kantuna lokacin da aka tsuke shigo da kaya. Abin da ya rage shi ne garin koko na gwangwani, wanda ake damawa a sha. Turai ta haɗa shi da man shanu da sukari, ya yi daɗi, amma ya ƙi daskarewa, har wani baƙo ya tashi daga shayi da zanen yatsa biyar a gaban farar rigarsa. Ta gwada kitsen sa, ya daskare, sai dai wanda ya ci ya ce kamar ya sha shayi a bakin tukubar mai tsire. Bazarar 1983 gaba ɗaya ta tafi a gwaji. A ƙarshe ta tsaya a kan man kaɗe. Takan tafasa shi da ruwa, ta bari ya kwanta, ta zubar da ruwan, ta maimaita sau uku har warinsa ya tafi, sannan ta narkar da shi da garin koko da dakakken sukari a kwanon da ke zaune cikin ruwan zafi. Wannan haɗin yana tsayawa a faranti ko a watan Afrilu, ba ya narkewa sai a kan harshe.

Wani likitan dabbobi da ya sauka a gidan a 1985 ya tambaye ta sirrin. Da ta faɗa masa, ya ce ai manyan masana'antun cakulan na ƙasashen waje ma man kaɗen suke saye daga nan su zuba a nasu. Iyatu, wadda ke tsaye a wurin, ta ce abin da Turai ta amsa kawai shi ne, "To, su ma sun gane."

Direbobi ne suka raɗa wa biskit ɗin suna. Da yake rabinsa na ƙasa baƙi ne, na sama fari, sai suka ce mai wando. Dalhatu, wanda ya yi shekara tara yana kawo jami'an gona gidan, ya ce shayin la'asar ba da direbobi ake lissafa shi ba. "Oga shina baranda, kai kana gindin darbejiya. Amma ba ka daɗewa za ka ga Inna da murhin kwano, ta tara gehen hwaranti da wanda ya karye, ta tsoma su awa na manya. Ban taɓa jin ta ce ga saura ba. Cewa takai, ga naku."

Labarin takardar ya fara ne a watan Janairun bara. Ofishin da ke kula da azuzuwan mata ya so a ƙara darasin sana'ar hannu, wani ya tuna da mai wando, aka turo Hayatu, mai buga tafireta a ofishin, ya zauna da Turai ta faɗa ya rubuta. Hayatu mutum ne mai natsuwa, kuma bai ɓoye komai ba da muka tambaye shi. Tafiretar ofishin ta Turanci ce, ba ta da haruffa masu ƙugiya. Yadda aka saba, in an gama bugawa sai a bi da hannu a ɗora wa kowane ƙ da ɗ da ɓ ƙugiyarsa kafin a gurza kwafi. A ranar motar da za ta raba takardun tana jira a waje, aka ce ya yi sauri. Ya gurza kwafi ɗari uku ba tare da ya bi da hannu ba. Ga abin da ya fita:

"Sukari koko daya. Man shanu koko biyu. Fulawa koko hudu. A murza, a yanka, a gasa. In ya huce a tsoma rabi a koko."

Kalma ɗaya ce a ido, abu uku ne a baki. Akwai ƙoƙo, 'yar ƙwaryar da Turai ke awo da ita. Akwai koko na gwangwani, wanda yawancin matan ƙauye ba su taɓa buɗewa ba. Akwai kuma kokon gero, wanda kowace mace ke damawa da safe. Matan azuzuwan nan wata shida suka yi ana koya musu su karanta abin da ke rubuce, kada su yi tsammani, kuma abin da ke rubuce suka karanta.

Malama Bilkisu, mai koyar da ɗaya daga cikin azuzuwan Gummi, ta ce ita ma ta yi shakka, amma takardar ba ta ambaci ruwa ko sau ɗaya ba, kuma ba ta taɓa ganin kwaɓin fulawa marar ruwa ba. "Sai munka ce ashe kokon shi na ruwan. Ɗaya da biyu da huɗu, bakwai ke nan. Munka zuba ludayi bakwai." Abin da ya fito daga tukunya, in ji ta, ba waina ba ne, ba fanke ba, kuma da aka tsoma shi a koko kamar yadda layin ƙarshe ya ce, sai ya koma inda ya fito.

Da a wata shekara ce, da an yi dariya an wuce. Amma a watan nan ne aka hana shigo da alkama, fulawa ta yi wuyar gani. Wata ɗalibar ajin, Aisatu, ta yi wata uku tana ɓoyon mudu biyu domin sunan jikanta na fari. Ta ɗauka a aji ne aka yi kuskuren wuta, ta bi takardar a gida da fulawar duka. Ranar suna dangin uban jariri suka zo daga Bukkuyum, aka rasa abin da za a sa musu a gaba sai goro. Kafin wata ya ƙare, duk abin da ya ƙi kamawa a Gummi, ko tuwo ne ko yaɓen ɗaki, sai a ce ya yi na Turai.

Dalhatu ne ya kawo mata labarin a watan Maris, da kwafi ɗaya a aljihu. Turai ba ta karatun boko. Ta aika aka kira Hayatu, ta ba shi kujera a ƙofar kicin, ta miƙa masa takardar. Iyatu da Dalhatu duk suna wurin, kuma bayaninsu ya zo ɗaya.

"Hayatu, ɗana, karanta mini."

Ya karanta. Da yake ya san abin da ake nufi, bakinsa ya sa kowace ƙugiya a wurinta. "Sukari ƙoƙo ɗaya, man shanu ƙoƙo biyu." Ya ɗaga kai ya ce, "Inna, ai daidai na."

"Ba Dalhatu shi karanta."

Dalhatu, wanda ya yi aji huɗu na firamare, ya bi da yatsa ya karanta abin da ya gani. Turai ta juya ga Hayatu.

"Ka jiya? Bakinka shina gyara abin da hannunka ya ɓata, amma bakin naka bai bi takarda Gummi ba. Ina man kaɗe?"

"Na cire shi, Inna. Na aza ban ji daidai ba. Wa ka sa man kaɗe ga abincin Turawa?"

"Ni."

Hayatu ya nemi gafara, ya ce zai buga sabuwa. Ya kuwa buga, da ƙugiyoyinta da layin man kaɗe, sai dai takardar gurzawa ta ƙare a ofis, ba a samu wata ba sai bayan wata biyar. Turai ba ta jira ba, kuma ta faɗi dalili. Macen da takarda ta ci wa fulawa, in ji ta, ba za ta sake ba wata takarda fulawa ba. Sai ta gani da ido.

Hutunta kwana ɗaya ne a mako. Ta roƙi a bar ta ta riƙa ɗaukarsa a ranar da motar kasuwa ke zuwa inda za ta. Ran jajibirin tafiya takan gasa na kwana biyu ta rufe a gwangwani, saboda haka a wata goma sha huɗun da ta yi tana wannan zirga-zirga, ba a taɓa rasa faranti a tebur da ƙarfe huɗu ba. Kayanta ƙunshi ɗaya ne: man shanu wankakke a kwano cikin jiƙaƙƙen tsumma, man kaɗe, gwangwanin koko, sukari, da gari. Fulawar kanti ta fi ƙarfin kowa a lokacin, don haka ta koma ga alkamar fadama. Takan kai niƙa, ta tankaɗe sau uku da rariyar laushi, ta ƙara ɗan garin shinkafa domin ya rage nauyi. Ta ce gara ma haka, tunda abin da matan za su iya samu ke nan.

Da Gummi ta fara, a watan Afrilu. Malama Bilkisu ta ce matan sun amsa sallamar Turai ciki-ciki, ba wadda ta matsa mata a tabarma. Aisatu ce ta yi magana.

"Ke ta Turai?"

"Ni ta."

"Kin ci mini hulawa mudu biyu. Kin sa ni kunya gaban surukai."

"Ba ni na rubuta ba, amma sunana na bisa. Kawo tukunya."

"Wata hulawar za ki ci?"

"Tawa na kawo. Ke dai kawo tukunya da yashi, ki zamna kusa, kada ki ce ba ki gani ba."

Babu murhun ƙarfe a ajin. Turai ta zuba yashi a gindin tukunyar ƙarfe, ta ɗora a wuta, ta jera kwaɓin a murfin kwano ta sa a ciki, ta rufe, ta zuba garwashi a kan marfin. Ba ita ta yi awon ba. Ta sa ƙoƙon a hannun Aisatu, ta sa ta faɗi sunansa da ƙarfi, matan suka kwashe da dariya, daga nan aka fara matsowa. Da garin ya kama kansa ba tare da ɗigon ruwa ba, wata tsohuwa ta sa hannu ta taɓa domin ta tabbatar. Da aka buɗe gwangwanin koko, sai da ya zaga hannu ashirin ana shinshinawa. Biskit ya huce, aka tsoma, aka jera a inuwa kusa da randa, aka jira.

Aisatu ta ci ɗaya, ta ci na biyu, ta kaɗe zanenta. "Ashe haka abin yake. To mi ya hana ki zo tun hwarko?"

"Ban san kuna nan ba."

"Yanzu kin sani. Ɗiyata ta biyu na da ciki."

Kafin Turai ta tashi, ta sa kowace mace ta fito da takardarta, Malama Bilkisu ta bi da biro tana ɗora ƙugiya a kan koko uku na farko, ta rubuta "na gwangwani" a gaban na huɗu, ta ƙara layin man kaɗe a ƙasa. Turai na tsaye a kanta tana dubawa. A duk haruffan boko wannan ɗaya ta sani, kuma ba a iya wuce ta da shi. Ta bar wa ajin ƙoƙo ɗaya daga duman da take shukawa a bayan kicin. Ta gaya musu girman ƙoƙo ba shi ne ba, kowane ma ya yi, muddin da shi aka auna duka ukun.

Haka ta yi a sauran. Ta je Abare a bayan akori-kura, tsakanin buhunan albasa. Ta je aji biyu na cikin garin Bukkuyum a rana ɗaya, ta dawo da zazzaɓin da ya sa ta yi sharar washegari tana hutawa a kowace ƙofa. A wani ƙauye mazan suka ce ba su yarda wata baƙuwa ta shiga wa matansu ba, ta zauna a zauren mai gari ta gasa a gabansu, suka ci, suka ce ta shiga. A wani wurin ta tarar malamar ajin ta gane ƙoƙo tun farko, matsalarsu layin ƙarshe ne kawai. Ba duk inda ta je aka ci gaba da yi ba. Malama Bilkisu ta ce a ajinta mata biyar ne cikin ashirin suka riƙe, biyu daga ciki suna yi wa masu shayi na tasha. Amma maganar "ya yi na Turai" ta mutu a Gummi, kuma a watan Nuwamban bara, ranar sunan jikan Aisatu na biyu, dangin nan na Bukkuyum, da su ma aka gayyata, sun koma gida da mai wando a ƙulle a gefen mayafi.

Gwashi ce mafi nisa, kuma sau biyu ta nufe ta. A karo na farko, da kaka, ta isa Bukkuyum aka gaya mata an rufe ajin, mata suna gona. A karo na biyu, cikin watan Mayun bana, ruwan farko ya riga ta, rafin da ke kan hanya ya kawo, motar ta juyo. Bayan mako shida wa'adin aikinta ya cika.

Inna Turai, ke ce kika karɓi aikin da ba a ba ki ba, kika riƙe shi shekara goma sha ɗaya ba tare da an canza kalma ɗaya a takardar aikinki ba. Ke ce kika samo a gindin kaɗanya abin da kanti ya daina kawowa. Kuskuren ba naki ba ne, kuma da kin ce haka kin zauna, babu mai ganin laifinki. Kika duba sunan da ke saman takardar, kika ɗauki ƙunshi. Mai ƙoƙo ɗaya, mun gode. Allah ya ƙara lafiya, ya jiƙan Mainasara.

Injin da ke buga wannan shafi yana da ƙugiya, don haka ga abin da ta faɗa wa Hayatu, yadda ta faɗa. Dakakken sukari ƙoƙo ɗaya. Man shanu wankakke ƙoƙo biyu. Fulawa ko tankaɗaɗɗen garin alkama ƙoƙo huɗu. Gishiri kaɗan. Kada a sa ruwa. A murza da kan yatsu, a danna a faranti, a yanka, a huda, a bari ya huta a wuri mai sanyi, a gasa da wuta marar ƙarfi har ya yi launin rairayi. Domin baƙin: man kaɗe da aka tafasa sau uku, garin koko na gwangwani, da dakakken sukari, rabin ƙoƙo kowanne, a narkar a kwano cikin ruwan zafi, kada ruwan ya taɓa haɗin. In biskit ya huce a tsoma rabi, a jera a inuwa.

Ga masu buga takardu a ofisoshinmu, abin koyin ƙarami ne: a bi da hannu kafin a gurza, ko da mota tana jira. Hayatu yanzu haka yake yi, har abokan aikinsa suna ce masa Malam Ƙugiya. Ga sauranmu, duk wanda aikinsa ya fita da sunansa zuwa hannun mutanen da bai sani ba, ya tambayi abin da ya same su bayan ya fita.

Mun sami Inna Turai a gida makon jiya, a unguwar da ke bayan kasuwa, tana shanya duma. Saƙo ya zo mata daga Gwashi ta bakin wani ɗan'uwan Husaina mai fataucin shanu. Matan can, in ji shi, sun gane awon da kansu, suna gasawa daidai, sai dai layin ƙarshe suka bi yadda yake. Da kokon gero suke ci da safe, sun ce yana da daɗi, suna kiransa na Turai ba da ba'a ba, kuma sun ce a gaya wa Inna ta huta.

Mun tambaye ta ko za ta huta.

"Su ci da abin da sunka ga dama, bakinsu na. Amma ba su taɓa ganin mai wando ba, kuma suna cewa nawa na. In sun gani sunka ce sun hi son koko, shi ke nan, in dawo gida."

Ofishin ya sa ranar yaye ajin Gwashi a makon ƙarshe na Satumba. Daga nan matan, su ashirin da biyu, za su watse zuwa rugage da ƙauyukansu, kowacce da takardarta. Dalhatu ya yi alkawarin kai ta in hanya ta buɗe, amma ya ce a shekara tara bai taɓa ƙetare rafin nan da mota kafin tsakiyar Oktoba ba. Shekaranjiya da muka aika a duba, ruwan yana kai wa namiji ƙirji.